Leda Goman da Ba a Rabawa

Ƙamshin kanumfari ne ke riga shi isowa. Kafin ya leƙo ta tagar da muke sauraren mutane na riga na san malamin ya zo, domin kullum da ƙwayar kanumfari cushe a kuncinsa na hagu, daidai kan haƙorin da ya hana shi sakat. Mutumin can wajen duwatsun tsakiyar ƙasar nan ne, Kirista, koyarwa ta kawo shi Sakkwato tun yana saurayi. Nan ya yi aure, nan ya haifi 'ya'yansa, yana zaune a gidan haya a Unguwar Rogo har furfura ta fara fito masa. Hajiya yake ce mini. Na gaya masa ko filin jirgi ban taɓa takawa ba, ya ce ai addu'a yake yi mini, sai na ƙyale shi.

A lokacin ina aiki a ma'ajiyar jini ta wani asibiti a cikin gari. Da safe in fito daga Ƙofar Rini in hau kabu-kabu, in wuni tsakanin firji da firiza da hayaniyar dangin marasa lafiya, in koma gida ƙafafuna a kumbure. An san ni da faɗa, kuma ban taɓa musawa ba. Rabin aikina gaya wa mutane "babu" ne, ɗaya rabin kuma sauraren abin da za su faɗa mini bayan na ce babu.

Shi malamin an haife shi da jinin da ba ya daskarewa da wuri. Yankan da wani zai yi da reza ya tsotse yatsa ya wuce, shi sai ya wuni yana ɗiga. Da haƙorin ya ruɓe, likitan haƙori ya duba ya ce ba makawa sai an cire, amma shi ba zai kai ƙarfe bakin nan ba sai ya tabbata akwai kirayo leda goma a ajiye da sunan malamin. Ban ga laifinsa ba.

Kirayo muke ce masa a wurin aiki, ban kuma taɓa jin wani ya raɗa masa sunan Hausa ba. Idan mutum ya ba da jini leda guda, mukan sa ledar a wani inji ya wulwula ta, jan ya kwanta ƙasa, ruwan mai launin rawaya ya taso sama. Wannan ruwan ake tsiyayewa a daskarar tun jinin yana sabo, daga baya a bar shi ya narke sannu a hankali cikin sanyin firji. Sai ka ga wani farin abu ya kwanta a gindin ledar, kamar yadda gasara ke kwanciya a ƙasan roba in an tace ƙullu. Shi ne kirayo, kuma a cikinsa abin da ke sa jini ya kama yake taruwa. Duk girman ƙaton da ya ba da jinin, abin da ake samu bai fi cokali ɗaya ko biyu ba.

Shi ya sa ba a yi wa babban mutum maganar leda ɗaya ko biyu. Da nauyin jiki ake aunawa, leda guda ga kowane kilo biyar zuwa goma, amma a aikace in babba ne goma ake haɗa masa a tashi ɗaya, sannan a sake gwada jinin a ga ko ya isa. Yana iya shekara a firiza lafiya lau. Da zarar an narkar da shi kuwa, 'yan sa'o'i ne gare shi, ko a ɗura wa mutum ko a zubar, ba ya komawa.

Al'adarmu ita ce mai bukatar jini shi ke kawo masu bayarwa. Leda goma mutum goma ke nan, kuma ba duk wanda aka kawo ake ɗiban nasa ba. Wani jininsa ya yi ƙasa, wani gwaji ya nuna ciwon hanta, wani kuma da ya ga allura sai ya tuna ya bar shago a buɗe. Malamin ba shi da dangi a Sakkwato sai matarsa da yara 'yan makaranta. Haka ya riƙa bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana roƙo da kumburarren kunci. Ya kawo abokan koyarwarsa, ya kawo wani bakanike da suke coci ɗaya, da wata mai ɗinki, da babban ɗan mai gidan da yake haya, wanda ya sume mana a kan benci tun ba a soka allurar ba, ya farfaɗo ya ce a ci gaba. Tun ƙarshen damina aka fara, sai da bazara ta kankama leda ta goma ta shiga firiza.

Ranar Juma'a ana tashin makaranta da wuri, sai ya biyo ta wurinmu ya ce ya zo gaishe da 'ya'yansa, wato ledojin nan nasa. In buɗe firizar in ɗago kwandon da na ware masa, ya ƙirga daga bakin ƙofa, in mayar da sauri kada sanyi ya fita. Wata rana ya ce, "Hajiya, ba wanda zai taɓa su ko?"

Na ce, "Naka na, malam. In dai ina nan, babu mai taɓa su."

Na kuwa tsare su. Bazarar Sakkwato ba ta raga wa mutum ba balle firiza. Da an ɗauke wuta zan zari mayafi in nufi ɗakin janareta, in tarar mai kula da shi ya tafi neman mai ko ya tafi neman inuwa, in tsaya a tsakar rana ina zazzaga masifa har a tayar. Na ɓata da likitocin da suka so a tsakuro musu leda ɗaya ko biyu don abin da jini na yau da kullum zai iya yi. Har ta kai abokan aikina suna tsokanata, in sun ga na nufi firizar sai su ce uwar goma ta tafi duba yara.

Likitan haƙori ya sa ranar Litinin. Ranar Juma'ar da ke gabanta, da hantsi, wata nas daga ɗakin haihuwa ta shigo tana haki, ta ce likita yana son kirayo leda biyu.

Na ce, "Leda biyu? Jinjiri na?"

Ta ce, "Babba ta. Daga ƙauye anka kawo ta, jini ya ƙi tsayawa."

Ban tsaya aike ba, na bi ta da kaina. Matar ba za ta wuce shekara talatin ba, daga wani ƙauyen masu noman shinkafa a bakin fadama. Mabiyiya ce ta ɓalle tun kafin haihuwa, ɗan bai zo da rai ba, ita kuma jini ya ɓalle mata. An ƙara mata jini, yana shiga ta hannu yana fita. Likitan wani matashin Bakano ne, idanunsa sun yi ja don gajiya. Sai ya ɓanɓaro wata 'yar kwalbar gwaji da ya liƙa a bango da filasta. Jininta ne a ciki, ya ɗiba tun ɗazu. Ya karkata kwalbar, jinin ya bi gefe tsararo kamar zoɓo. Da na lafiyayyen mutum ne da tuni ya dunƙule.

Na ce, "Likita, leda biyu mi za su yi ma wagga? Goma taka bukata, kai ma ka sani."

Ya ce, "Na sani, Anti. Biyu na rubuta don na san halin da kuke ciki. Na ce ko biyun ne in an samu, a dai ce an yi wani abu."

Wannan "a dai ce an yi wani abu" shi ya fi komai gajiyar da ni a aikin nan. Ba jahilci ba ne, yaron ya san aikinsa. Rashi ne ya koya mana roƙon kaɗan. Likita ya rage tun kafin ya nema, mu ma mu rage kafin mu bayar, a ƙarshe a ɗura wa mara lafiya abin da bai kai ya yi masa komai ba, kowa ya tafi gida da cewa an yi ƙoƙari. Na ga an yi wannan ƙoƙarin a kan mata da yawa, na kuma ga yadda aka gungura su waje.

Ya ce, "Nawa kuke da su?"

Na ce, "Goma cif. Amma da mai su."

Ya dube ni, ya dubi matar. Leɓenta ya yi fari fat, tana ta neman a ba ta ruwa. Na ce masa ya shirya wata hanyar ƙarin jini a ɗaya hannun nata, ina zuwa.

A kan hanyar komawa na gama yanke shawara, ba wani dogon tunani a ciki. Haƙori yana iya jira, wannan ba za ta kai la'asar ba. Abin da ban shirya masa ba shi ne ƙamshin kanumfari da ya tare ni tun daga kwanar baranda. Na manta Juma'a ce. Ga malamin nan a bakin taga cikin farar riga gogaggiya, yana murmushi da rabin fuskar da ke iya murmushi. A gefensa kuma mutum huɗu ne tsaye cirko-cirko: mijin matar, siririn mutum da taɓon fadama ya bushe a dugadugansa, da ƙannensa biyu, da wani dattijo mai malfa da sanda, wanda daga baya na ji baffan mijin ne.

Mijin ya tare ni. "Malama, cewa anka yi leda biyu. Ga ƙannena biyu na zo da su, a ɗiba."

Na ce ya dakata. Na shiga na kunna tukunyar ruwan ɗumin da muke narkar da ledoji a ciki, na fito na tsaya a gabansu duka, don ba ni da lokacin yi wa kowa bayani shi kaɗai. Na gaya wa mijin ba jini irin wanda ya sani ake nema ba, wani abu ne da ake tacewa daga jini, yana cin kwanaki kafin a haɗa shi, kuma matarsa leda goma take bukata yanzu-yanzu. Na ce goma ne kaɗai a asibitin nan, ga kuma mai su a tsaye. Sannan na juya ga malamin na gaya masa halin da matar take ciki.

Murmushin ya tafi. Ya kai hannu ya dafe kuncinsa, ya ce, "Litinin fa, Hajiya."

Kafin in amsa, dattijon ya gyara tsayuwa ya ɗaga hannu, irin na wanda ya saba raba gardama a gindin bishiya. Ya ce, "Ɗiyata, saurara ki jiya. Abin ga guda goma na, masu bukata biyu na. To mi az zahi ciki? A ba ta biyar, a bar ma malam biyar, kowa shi samu. Mu ba mu zaka mu ƙwace ma bawan Allah abinai ba."

Wallahi maganar mutumin kirki ce. Haka aka tarbiyyantar da mu duka. A gidanmu ko ƙosai guda aka kawo sai an gutsura wa kowa, naman layya kuwa ba a taɓa kai shi tukunya ba sai an fitar da na maƙwabta. Na ga fuskar malamin ta saki, ya ce, "E, Baba ya yi gaskiya. A raba. Biyar ɗin zan nema in cike." Mijin ma ya shiga godiya. Sun gama sulhunsu su uku, kowa ya fita kunyar kowa, saura ni.

Na ce, "Baba, wanga ba a raba shi."

Ya ce, "Mi ab ba a rabawa duniyag ga?"

"Wanga. Biyar ba su tsai da jinin da nig gani. Likitan haƙori ko ba shi taɓa malam da biyar. In anka raba, goma anka zubar, ba a ba kowa komi ba."

"To a hwara da biyar mu gani. In Allah ya sa sun isa, shi ke nan."

"In ba su isa ba, kahin in narkar da sauran ta zubar da na hwarko tare da jininta. Baba, ba gero na ba da za a auna ma kowa kwano. Ko a ba ta duka ko a bar ta."

Dattijon ya ɓata rai. Ya ce bai taɓa ganin ɗiya mace mai taurin kai irina ba, ana gyara ina ɓatawa. Raina ya riga ya ɓaci, zafi ga shi kamar a gasa mutum, na ce masa in ya ga dama ya kai ƙarata duk inda ya so bayan an sauko Juma'a, amma yanzu ya matsa mini. Ban kyauta lafazi ba.

Malamin ya matso kusa da taga, ya rage murya. "Hajiya, tun damina nake roƙon mutane. Wasu yanzu in sun hango ni sai su canza hanya. Ba ni da wasu goman. Ke kika ce ba mai taɓa su."

Na ce, "Ni nic ce."

"To ban yarda a ɗauki goma ba. Biyar na yarda."

Na ce, "Malam, ba izininka nika nema ba. Duka za ni ɗauka."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "To me ya sa kika tsayar da ni kina gaya mini?"

"Don kak ka zo Litinin ka ishe kwando wayam, wani shi hwaɗa maka."

Bai zage ni ba, da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya zaro hankici ya tofar da kanumfarin da ya tauna, ya sa wani sabo, ya juya ya tafi. Dattijon ya bi shi da sauri yana dogara sanda, yana cewa, "Malam, tsaya. Mu ka biyanka, wallahi mutum ashirin ni ka kawo maka." Malamin bai waiwayo ba.

Na shiga na fito da kwandon. Na jera ledojin cikin ruwan ɗumi, ɗuminsa daidai na jikin mutum, na tsaya ina kallon farin abin yana narkewa. Lamba ce kawai a jikin kowace leda, amma na san masu su. Ga ta bakanike, ga ta mai ɗinki, ga ta ɗan mai gida da ya sume. Na haɗa su wuri ɗaya, duka goman ba su cika kofin shayi biyu ba. Na rungume su a ƙirji na kai ɗakin haihuwa da kaina, na tsaya har aka ɗaura.

Ana kiran sallar la'asar likitan ya leƙo ta tagarmu, ya ɗaga mini wata 'yar kwalbar, ya kifa ta. Jinin ya tsaya cak a gindi, bai motsa ba. Na ce alhamdu lillahi, na zauna a kan kujera, sai a lokacin na ji ƙafafuna suna zogi. Ban ji wani farin ciki mai yawa ba, gajiya ce kawai ta sauko mini gaba ɗaya. Matar ta rayu, aka sallame ta bayan ta yi ƙwari.

Dattijon ya cika alkawari. Ba a yi mako ba ya iso da mota a-kori-kura cike da maza, wasu da laujensu a rataye. Sai dai kafin su zo, wuta ta dawo da ƙarfi wata rana da tsakar rana ta ƙone injin da ke wulwula jinin. In babu injin babu kirayo, jinin kuma ba ya jira a gyara. Muka ɗibi nasu, ya tafi a jini na yau da kullum, ya amfani wasu, amma kwandon malamin ko leda ɗaya bai samu ba. Na buga masa waya na gaya masa. Ya ce, "To, Hajiya, na gode," ya kashe. Daga nan in na kira sai ta yi ta ringi har ta katse.

Maganar gyaran injin ba na son tuna ta. Wannan ofis ya tura ni wancan, wancan ya ce mai sa hannu ya yi tafiya, mai gyaran ya zo daga nesa ya buɗe ya ce sai an yi odar wani ƙarfe. Na yi faɗa har muryata ta dushe, daga baya na daina faɗan, in je kawai in zauna musu a ofis in yi tagumi har su gaji da ganina. Damina ta zo ta wuce. Duk Juma'a in an tashi makaranta sai in tsinci kaina ina kallon taga.

Sai da aka fara girbi injin ya tashi. Na aika wa dattijon da saƙo ta bakin wani direban ƙauyensu, ban sa rai sosai ba, don lokacin aiki ne kuma sun riga sun ba da nasu. Sai ga shi ya sake cika mota. Da ya gan ni ya ce, "Ke ta, mai taurin kai? Ga su nan, ɗibi, kak ki raba." Muka yi dariya ni da shi. Mijin matar kuma ya sauke buhun shinkafa sabuwar girbi a bakin ƙofarmu, ya ce a kai wa malam, shi kunyarsa yake ji, ba zai iya haɗa ido da shi ba.

Ranar da leda ta goma ta shiga firiza, na tashi aiki na ɗauki mai keke mai ƙafa uku muka nufi Unguwar Rogo da buhun. Da tambaya na gano gidan, a ƙarshen wani lungu da keken bai iya shiga ba, sai da mai keken ya saɓo buhun a kafaɗa. Matar malamin ce ta amsa sallamata. Ta gane ni ko da ba mu taɓa haɗuwa ba. Ta ce, "Sannu da zuwa, Madam," ta nuna mini kujera, ba ta kawo ruwa ba.

Yana zaune a tsakar gida cikin inuwar katanga. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Muka gaisa, na tambayi yara, ya tambayi aiki. Ina zaune ina jin kamar wani abu ya ɓace a wurin, sai can na gane ƙamshin kanumfari ne babu.

Na ce, "Malam, goma sun cika. Ka sa rana da likitan haƙori."

Ya buɗe baki ya sa yatsa ya ja kuncinsa na hagu. Giɓi ne a wurin, ya warke.

Matarsa ce ta ba ni labarin, tana tsaye a ƙofar kicin, hannu a ƙugu. Ta ce tsakiyar damina kuncin ya kumbura har idon ya rufe. Ya sha magunguna kumburin ya sauka, haƙorin ya riƙa girgiɗi, wata safiya yana kurkure baki ya faɗo masa a tafin hannu. Daga nan jini ya ce bismillah. Kwana da kwanaki tana canza tsumma tana zubar da roba, yana cizon auduga, yana shan ƙwayoyin da wani mai kemis ya ba su, har ya kai ba ya iya tashi zaune sai an riƙe shi. Ta ce, "Na ce mu tafi asibiti, ya ce mu je mu tarar da me."

Kaina ya ɗau zafi. Na ce, "Haba malam! Ko babu kirayo ai da mun nemo sabon jini mun ƙara maka. Kai da karatunka? Ka san kana iya mutuwa cikin ɗakin ga?"

Ya ce, "Na sani."

Na sa shi ya ja fatar idonsa ƙasa in gani. Har yanzu da saura, bai gama mayar da jininsa ba. Na fara lissafa masa abin da zai riƙa ci da maganin da zai nema, ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Matar nan fa?"

Tun ranar bai taɓa tambaya ba. Na ce tana nan da ranta, mijin ya ce har ta shiga sussuka da sauran mata. Na nuna masa buhun na ce daga gare su yake.

Ya kalli buhun. Ya ce, "Hajiya, ki gaya mini gaskiya. Da an raba, yadda tsohon nan ya ce?"

Na ce, "Wada nig ga jinin nan, da an rufe ta ranan nan. Kai ko da haƙorinka yana bakinka, kana biɗan biyar. Ko yau anka maimaita, goman ni ka narkarwa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Haka na gaya wa maman yara. Ba ta yarda ba." Ita kuwa ta shige kicin, muka riƙa jin ƙarar tukwane fiye da yadda girki ke bukata.

Na ce to goman fa, ya zan yi da su. Ya ce in bar su a firizar, wata za ta zo. Ya ƙara da cewa in cire sunansa daga kwandon. Na ce to. Ina so in ce masa wani abu, ban san ko haƙuri zan ba shi ko faɗa zan ƙara yi masa ba. Na yunƙura zan tashi, don mai keken yana jirana a bakin lungu.

Ya ce in dakata. Ya kira matarsa ta kawo masa roba da kwano, ba ta fito ba. Sai ya dafa bango ya miƙe, ya je ya ɗauko da kansa, ya durƙusa ya kwance bakin buhun, ya fara ɗiba yana zubawa a robar.

Na ce, "Malam, mi kaka yi? Taka ta duka, kai anka aiko ma."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ki bari, Hajiya. Wannan dai ana rabawa."

Na koma na zauna. Shinkafar na zuba a ƙasa, ina kallo har ya gama auna mini rabina.